Atilin da Na Tafasa

Lokacin da na yi aure na tare a Kafanchan, cikin shekarun saba'in, babu abin da nake taƙama da shi a ɗakin girkina kamar gwangwanin man kanti. Ba a ƙasa nake ajiye shi ba. A kan tebur yake kusa da risho, inda duk wadda ta leƙo da shi za ta fara yin ido biyu. Farin mai ne garau, ba launi ba ƙamshi. A kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa inda muke zaune, shi ne shaidar mace ta waye. Albashi ya ƙaru a shekarun nan, kantuna sun cika da kayan gwangwani, gyaɗa kuma ta yi ta lalacewa a gona, sai kowacce ta koma man kanti. Wadda aka ga jan manja a bakin tukunyarta sai a ce har yanzu ƙauye bai sake ta ba.

Ni kuwa nawa girman kan ya fi na kowa, don malamar makaranta ce ni. A Kaduna na girma, na yi kwalejin horon malamai inda aka koya mana girki da littafi da awo da agogo. Na iya suya, kuma na san na iya. Doya suya, ƙwai suya, dankali da kifi da agade duk suya. Man da ya rage a kasko ba na zubarwa. Sai in juye a kwalba in sake suya da shi gobe da jibi, har ya koma launin shayi. A ganina tattali ke nan.

Maigidana gyaran injin jirgi yake yi a loko, wato garejin jiragen ƙasa. Ƙaton mutum ne mai ci da yawa da dariya da yawa, ɗan wani ƙauye a bayan Madakiya. Yarenmu ba ɗaya ba ne, Hausa ce ta haɗa mu, da ita muke hira, da ita muke faɗa. Bai taɓa kushe girkina ba. Duk abin da na sa masa a gaba sai ya yi addu'a ya share kwano.

A shekara ta biyu da aurenmu shawara ta kama shi. Idanunsa suka yi rawaya, aka kwantar da shi a asibiti kusan wata guda. Ranar da za a sallame mu likita ya kira ni gefe ya ce ciwon ya tafi, abin da ya rage ci ne. Ya ce magani ya gama nasa aikin. In mutumin nan ya ci abinci zai tashi, in bai ci ba babu allurar da za ta tashe shi. Ya hana suya, amma ya ce ɗan mai kaɗan a abinci ba laifi in cikinsa ya karɓa. Ya kuma ja mini kunne a kan tsabta: ruwan sha a tafasa, kwano da cokali a ɗauraye da tafasasshen ruwa. Na rubuta duka a bayan littafin darasina.

Muka dawo gida, mutum ya ƙi ci. In na dafa ba mai, sai ya yi cokali biyu ya ture, ya ce kamar yana tauna takarda. In na ɗiga man kanti, tun daga ƙofa zuciyarsa ke tashi. Har suyar maƙwabta in ta shigo ta taga sai ya toshe hanci da zane. Kunu kaɗai ke wucewa, shi ma rabin kofi. Na yi lallashi, na yi kuka, wata rana har na yi masa tsawa na ce so yake ya mayar da ni gwauruwa tun ban haihu ba. Ya dube ni kawai, ko ƙarfin ramawa ba shi da shi. Wannan shirun ya fi komai ba ni tsoro, don mutumin da na aura ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Fasto ya zo ya yi addu'a, matan zumunta suka zo suka yi waƙa. Ƙasusuwan wuyansa dai sai ƙara fitowa suke yi.

Ban aika wa mahaifiyarsa ba. Zan faɗi gaskiya, kunya ce da girman kai suka hana ni. Yaya za a yi a ji a ƙauye malama guda ta kasa ciyar da mijinta? Ƙanwarsa da ke aure a cikin gari ce ta aika ba tare da ta shawarce ni ba, na kuwa yi kwana biyu ba na amsa gaisuwarta da kyau.

Ranar wata Alhamis da hantsi, ana cikin hutun Kirsimeti, sai ga surukata. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta da jiki amma ga ƙarfin wuya. Daga tashar mota ta taho a ƙasa da wani ƙaton kwando a ka, an rufe bakinsa da ganyen ayaba. Na taimaka mata ta sauke, har sai da na yi nishi. Ta sha ruwa, ta shiga ta ga ɗanta. Ta daɗe a ciki, ta fito ba hawaye ba salati, ta tsaya a ƙofar ɗakin girki tana duba kayana.

Hausarta irin ta tsofaffin wajen ce, mace da namiji duk "ka" take ce musu. Ni kuma "matana" take kirana, kamar yadda matan dangin miji ke kiran wadda aka auro musu. Ta nuna gwangwanin ta ce in miƙo mata. Ta buɗe, ta sansana, ta sake sansanawa, ta ɗiga a yatsa ta lasa.

"Matana," ta ce, "wannan mai, mene ne uwan shi?"

Na ce, "Mama, ban gane ba."

"Man gyaɗa yana warin gyaɗa. Manja yana warin kwakwa. Man shanu, ko makaho ya san saniya ne ya ba da shi. Wannan fa, wa ya haife shi?"

Na juya gwangwanin ina karanta rubutun Turancin da ke jiki. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane karatu, na karanta kaf ban ga sunan uwarsa ba. An dai rubuta man ganyayyaki ne, an tace shi. Wane ganye, oho. Ta mayar da murfin ta miƙo mini da hannu biyu cikin ladabi.

Na zaci za ta ɗaura zane ta karɓe girkin, har na shirya fuskar da zan yi. Ashe a wajensu uwa ba ta ɗora tukunya a murhun matar ɗanta. In ta yi haka, kamar ta ce wa duniya matar ba ta da amfani ne, ta kama hanyar gidansu. Duk kwanakin da ta yi a gidana ƙafarta ba ta tsallaka ƙofar ɗakin girkin nan ba. A waje take zama kan 'yar kujera, abin da take so a yi sai ta faɗa kamar roƙo.

Ta yaye ganyen kwandon, sai ga atili cike har baki, baƙi wuluk yana sheƙi. Na san atili. 'Ya'yan wani dogon itace ne, girman babban yatsa, da ɗan nama a kan ƙwallo mai tsawo. A Kaduna nakan saya a hannun masu talla, ya riga ya yi laushi, a barbaɗa gishiri a tsotse. Ban taɓa ganin yadda ake yi ya yi laushin ba, ban kuma san ana fitar da mai daga cikinsa ba sai a ranar. Ta ce man atili za mu yi. Ta ce tun ɗanta yana yaro, in ya tashi daga ciwo da shi yake fara cin abinci, kuma ba a soya shi, ɗanye ake zubawa.

Ta ce tukwanena na ƙarfe ba za su yi ba, za ta kasuwa ta nemo tukunyar ƙasa da ludayi. Kafin ta fita ta ce, "Ka sa ruwa ya yi ɗumi, ka zuba shi ciki, ka rufe. Ɗumi kawai, matana."

Na ji ta sarai. Ba zan yi ƙarya in ce ban ji ba. Amma tana fita na tsaya ina kallon kwandon ina lissafin malamai. Abin nan daga daji ya fito, ya faɗi a ƙasa, an ɗebo shi da hannu, ya shigo mota tare da awaki da kaji. Kuma cikin marar lafiya zai shiga. Likita ya ce a tafasa komai. Tsohuwa ta san itace, amma ina ta san ƙwayar cuta? Na ce a raina zan taimake ta ba tare da ta sani ba. Na ɗora babbar tukunyar da nake dafa shinkafar biki, ruwa ya tafasa yana zaɓalɓala, na juye atilin gaba ɗaya, na duba agogo na ba shi minti goma.

Na sauke na jira ya huce, na ɗauki ɗaya na matsa. Tauri. Na ce bai dahu ba ne, na mayar kan wuta na ƙara masa. Na sake matsawa, ya fi da tauri. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Ni mai gaggawa na dafa atili ya zama dutse. Gumi ya keto mini, na fara ɗebowa daga ƙasan tukunyar ina gwadawa ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa a sami na kirki. Ina cikin haka ta dawo da sabuwar tukunya a ka.

Tun daga nesa ta ga tururi. Ta sauke kayanta a hankali, ta miƙo hannu, na sa mata ƙwaya ɗaya. Ta gatsa, ta ajiye. Ta ce in ba ta na ƙasa, ta gatsa shi ma, ta ajiye kusa da na farko. Sannan ta zauna a kujerarta tana kallon ƙafafunta.

Ni da na saba da kare kaina, tuni bakina ya fara aiki. "Mama, likita ne ya ce duk abin da zai ci sai an tafasa."

"Likita ya san aikin shi," ta ce. "Atili ma ya san nashi. In ka ba shi wuta da yawa, ya rufe ƙofa ke nan. Ba ya buɗewa kuma."

Na ce, "To, akwai saura a gida?"

"Itace ɗaya ne muke da shi. Duka na kawo."

Sai a sannan na gane girman ɓarnar. Itacen nan sau ɗaya yake 'ya'ya a shekara, kuma tsawonsa ya sa ba kowa ke iya hawansa ba. Ƙanen mijinta ne, shi ma da furfurarsa, ya yi kwana biyu yana hawa yana kaɗo mata. Man da za ta ci har wata kaka ke nan ta ɗauko ta kawo wa ɗanta, ni kuma na gama da shi kafin ta je kasuwa ta dawo. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Na tsaya da ludayi a hannu kamar wadda ruwa ya ci.

Ta tashi ta shiga ɗakin ɗanta, na ji suna magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Da ta fito ta ce in aika a kira ƙanwarsa ta zo ta zauna da shi. "Gobe da sassafe za mu tafi gida, ni da kai."

Motar Zonkwa ta sauke mu a Madakiya, muka yanki daji a ƙasa. Tana gaba ina biye, ita da tsufanta, ni da takalmina mai tsini ina tuntuɓe. Ko hutawa ba mu yi ba da muka isa. Ta ɗora mini kwando a ka muka fara bin gidaje. Duk gidan da muka shiga sai ta gaisa, ta yi 'yar magana da yarensu, sai in ga matan gidan sun kwashe da dariya har da tafa hannu. Wata ma har ta faɗi zaune tana riƙe ciki. Bayan dariyar sai a shiga ɗaki a ɗebo atili, wata ƙwarya guda, wata tafi biyu, a zuba a kwandon da ke kaina. Ni kuwa fuskata ta yi zafi, na tabbata ni ake wa dariya. Na cije leɓe na ce na cancanta.

A gida na biyar ko na shida muka tarar da matar mai wa'azin ƙauyen, wadda ta iya Hausa sosai. Tana share hawayen dariya ta ce mini, "Malama, kin ji abin da surukarki ta yi? Wai ta je birni ta ga risho, ta ruɗe, ta tafasa atili kwando guda! Ita fa! Matar da duk ƙauyen nan in za a jiƙa atili ita ake kira ta taɓa ruwa. Tsufa ba ya da kunya."

Na dubi tsohuwar. Tana tsaye tana taya su dariyar, har tana kwaikwayon yadda wai ta yi ta hura wuta. Muna fita daga gidan na tsaya a kan hanya na ce, "Mama, wallahi ba zan yarda ba. Ni na yi. Bari in koma in faɗa musu."

Ta kama hannuna ta ja ni gaba. "Ni tsoho ne," ta ce. "In sun yi mini dariya yau, gobe su zo su ce in taɓa musu ruwa. Kai baƙo ne. In sun yi maka, har jikokinka za su ji. Ɗauki kwando mu tafi, rana yana faɗuwa."

Tun da nake ban taɓa jin na yi ƙanƙanta kamar a kan hanyar nan ba, kuma ban taɓa ƙaunar wani mutum farat ɗaya kamar yadda na ƙaunace ta a wurin ba. Muka ci gaba da bin gidaje ana yi mata dariya ina ɗauke da kwando, har ya kusa cika.

Washegari ta koya mini aikin, kuma a gidanta ma hannuna ta sa ya yi komai. Ta sa na ɗora ruwa a tukunyar ƙasa kan ɗan garwashi. Ba ta duba agogo, ba ta da shi ma. Can sai ta naɗe hannun rigarta ta tsoma gwiwar hannu, ta ce in tsoma tawa. Ta ce tafin hannun mace maƙaryaci ne, ya saba da wuta, amma gwiwar hannu ba ta ƙarya. Ruwan da za a yi wa jariri wanka, a ƙara masa kaɗan, shi ke nan. Ta sa na ƙara ruwan sanyi na ji, ta sa na mayar kan wuta na ji, har sau huɗu, sai da na iya cewa da kaina ya yi. Muka zuba atilin, muka rufe da faifai, muka lulluɓe da tsohon bargo. Ta yi 'yar gajeriyar addu'a da yarenta, muka zauna muna ɓarar wake.

Da ta ce in buɗe, na ɗauki ɗaya na matsa, sai naman ya saɓule daga ƙwallon kamar man shanu, kore-kore, ƙamshi ya tashi irin na daji bayan ruwan sama. Har ihu na yi. Ta ce in rage murna, aiki bai fara ba. Muka zauna muna murje shi da hannu a babban akushi muna fitar da ƙwallaye, har yatsuna suka ƙage. Nata hannun kuwa tafiya kawai yake yi, ba ta ko kallonsa, tana ba ni labarin yadda ɗanta ya taɓa faɗowa daga kan jaki. Muka tara naman a sabuwar tukunya, ta rufe, ta ce sai ya kwana biyu.

Kwana biyu! Na ce, "Mama, mutum yana can ba ya ci. Ba za a iya yi yau ba?"

Ta ce, "Za a iya. Ka samu cokali uku."

Ai na riga na ga inda saurina ya kai mu. Amma kwana biyun nan sun yi mini tsawo. Ran Lahadi muka je sujada, ana wa'azi da yaren da ba na ji, ni kuwa hankalina yana Kafanchan, ina ta ganin rabin kofin kunu a gefen gado. Ita ma na san nata hankalin yana can, don na ga ta buɗe tukunyar ta leƙa sau biyu alhali ta hana ni taɓawa.

Ran Litinin da safe muka zuba ruwan ɗumi a kan naman atilin, na yi ta cuɗawa tana ce mini in bi a hankali. Muka bar shi ya kwanta. Sai ga mai yana tasowa, ɗigo-ɗigo da fari, sannan ya haɗe ya rufe fuskar ruwan. Ta ba ni ƙaramin ludayi ta nuna mini yadda ake kwantar da shi a yaɗe man ba tare da an ɗebo ruwa ba. Abin da muka tara ta sa na ɗora kan garwashin da ya kusa mutuwa, don sauran ruwan ya fita, sannan muka tace da farin ƙyalle. Duk wahalar nan, duk gidajen nan da dariyar nan, kwalba ɗaya muka samu, ita ma ba ta cika ba. Ta ɗaga ta a rana tana dubawa, kore mai duhu, ta toshe bakin da totuwar masara ta miƙa mini. Ko ɗigo ba ta rage wa kanta ba.

A hanyar dawowa ta yi ta yi mini karatun mai, ni malama ina saurare kamar 'yar aji ɗaya. Manja kada in ƙona shi har ya yi fari, jan nan shi ne amfaninsa. Man gyaɗa in saya wurin masu ƙuli-ƙuli, wanda aka matse ina gani. Man da ya sha wuta sau ɗaya ya gama aikinsa. Kusa da bakin titi muka bi ta rugar wata Bafulatana ƙawarta, suka yi ta tsokanar juna da gurguwar Hausa, matar ta naɗo curin man shanu a ganye ta ce a kai wa marar lafiya in ya fara ci. Da waɗannan mayukan na yi girki duk sauran rayuwata, da su na yi renon 'ya'yana. Maƙwabtana na kwatas sun ce ƙauye ya kama malama, na ce ya kama da kyau.

Ran Talata da azahar muka iso. Ƙanwarsa ta tare mu a ƙofa, na dubi fuskarta na gane babu wani canji. Na leƙa ɗaki. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya, a kwana huɗun nan har ya ƙara zubewa. Na ce a raina anya ba mu makara ba.

Tsohuwa ta ja kujerarta ta zauna a wajen ɗakin girki. Ta ce ko zan taimaka in dafa gwaza, ƙanana, su yi laushi sosai. Na dafa, na ɓare da zafinsu, na farfasa a kwano. Ta ce gishiri kaɗan. Ta ce mai cokali ɗaya, kada in juya, in bar shi ya bi jikin gwazar da kansa. Zafin gwazar ya taso da ƙamshin, ya cika gidan.

Na shiga da kwanon, ita tana biye da ni. Kafin in yi magana ya juyo. Ya buɗe hanci, ya dubi kwanon, bai kai hannu ga zane ba. Muka tallafa shi ya zauna ya jingina da bango. Ya ɗauki ɗan guntu ya sa a baki, ya daɗe yana taunawa. Ba wanda ya yi motsi a ɗakin. Ya haɗiye, ya jira, mu ma muka jira. Ya sake kai hannu. Da ya ci na uku sai ya dangwali man da ya taru a gefen kwanon da yatsa ya lasa, ya ɗago ido ya dubi mahaifiyarsa, sai na ga gefen bakinsa yana motsi.

"Mama," ya ce da wata siririyar murya, da Hausa don in ji, "wai da gaske ke kika tafasa atili? Ke? Da Baba yana da rai da ya mayar da ke gidanku."

Ya yi dariya. 'Yar ƙarama ce, har ta sa shi tari, amma dariya ce, ta farko tun da aka kai shi asibiti. Na buɗe baki na ce, "Ba Mama ba ce, ai..."

Sai na ji ƙafa ta taka tawa da ƙarfi. Tsohuwar ba ta ko dube ni ba, idonta yana kan hannun ɗanta da ke komawa cikin kwanon.

"Rufe baki, matana," ta ce a hankali. "Yana ci."

Na rufe. Ya cinye gwazar tas, ya ce ko akwai saura a tukunya.